Jar Ba'amurkiya a Hannun Raja Mumrez

Abu biyu Raja Mumrez yake taƙama da su a duk faɗin birnin Pindi, kuma a cikin biyun nan ɗaya ne kacal nasa. Nasa shi ne gashin baki. Wani irin gashin baki ne baƙi wuluk, mai kauri, da ya miƙe ta kowane gefe ya lanƙwaso sama, kullum safiya sai ya sha mai da rini kafin mai shi ya yarda ya leƙa ƙofar gida. Wanda ba nasa ba kuwa shi ne tsohuwar jar motar nan 'yar Amurka mai ƙofa biyu, wadda in ya tayar da ita a lungunmu na Lalkurti sai tantabaru sun watse daga kan gidaje. Motar matarsa ce, Begum Nagma. Amma ko da wasa ba za ka ji ya ce motar Begum ba. "Jar tawa," yake cewa, yana murza gashin baki.

Mahaifin Begum, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son motocin gudu na da, ya rasu ya bar guda biyu. Jar ya bar wa 'yarsa. Ɗayar kuma, wata 'yar ƙaramar Bajamushiya ruwan toka mai inji a baya, ya bar wa ɗansa Kazi Irshad, mai kantin magani a bakin titi, mutumin da kan wuni bai faɗi abin da ya wuce "safe da yamma, bayan an ci abinci" ba. Tsohon ya reni motocin nan kamar 'ya'yan cikinsa. Bai taɓa bari an ɗora musu wani fenti a kan na kamfani ba, bai canza kujera ba, ko ƙusa ce ta faɗi sai ya sa an nemo masa irin ta asali. Masu tara tsofaffin motoci sun san darajar wannan. Raja bai sani ba, kuma da ka gaya masa da ka gaya wa bango duk ɗaya ne.

Rigimar ta taso ne a rumfar shayin da 'yan ƙungiyar tsofaffin motoci ke zama da yamma. An zo da labarin gasar hawan dutsen Murri ta bana, da kofi biyu da za a bayar a can sama: ɗaya na wanda ya fara isa, ɗaya na motar da alƙali ya ce ta fi cancanta a adana.

Raja ya daki tebur har shayi ya fantsama.

"Silinda takwas ne a injin jar tawa! Kun ji ni? Takwas! Ita 'yar kwaɗon nan ta Kazi Sahab nawa gare ta? Shida, su ma an ɓoye su a gindi don kunya. Wane mai hankali ke sa inji a baya? Ko jaki a gaban amalanke ake ɗaure shi."

Aka kwashe da dariya. Kazi ya hura shayinsa, ya kurɓa.

"A miƙaƙƙen titi za ka wuce ni, Raja Sahab, ban musa ba," in ji shi. "Amma hanyar Murri kwana ce bisa kwana. Ta wajenka doguwa ce, ga nauyi. A kwana sai an lallaɓa ta."

"A lallaɓa ta? Mota ce ko amarya?"

"Batun adanawa kuma, kowacce da masu sonta. Ta Jamus ana nemanta don an ƙera ta da kyau, kuma ba a yi da yawa ba. Irin ta wajenka an yi da yawa, sai dai an kashe su da ganganci da gyare-gyare, wadda ba a taɓa ba ita ce ta yi wuya. Ka wanke ta kawai ka kawo ta. Don Allah kada ka taɓa komai."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakin Kazi, kuma shawara ce ta tsakani da Allah. Shi ya sa Raja bai ɗauka ba. Ya dubi jama'a ya kanne ido ɗaya, don a ransa ya gama gano makircin: surukin nan so yake ya je da mota koɗaɗɗiya, tasa ta haska.

Ya miƙe tsaye, ya kama bakin gashin nan da yatsu biyu.

"Ku zama shaida! In ban riga shi hawa Murri ba, in kuma ban ɗauko kofin alƙali ba, duka biyun, a aske wannan a gaban jama'a!"

A wajenmu namiji na iya rantsuwa da gonar ubansa a yi dariya a wuce, amma ba a wasa da rantsuwar gashin baki.

"Kai kuma me ka sa?" Raja ya tambaya.

Kazi ya shafa leɓensa na sama, tas kamar tafin hannu.

"Ni kullum safe nake aske nawa, ba wanda ya taru."

Sai ga Inayat wanzami ya leƙo daga shagonsa da ke jikin rumfar. Mutumin nan ya daɗe yana kallon gashin bakin Raja irin kallon da mahauci ke yi wa ragon maƙwabci, ba a taɓa ba shi ya taɓa ba.

"Raja Sahab, kyauta zan yi," ya ce. "Har kumfa ni zan kawo."

"Ka kawo hankici dai, don kuka za ka yi!"

Abin da ya ƙara lalata al'amari, a makon nan 'yarsu ta haihu a Jelum, Begum ta haɗa kaya ta tafi zaman jego. A bakin ƙofa ta miƙa masa makulli tana kallonsa ido cikin ido.

"Motar Abba amana ce, Raja Sahab."

"Haba Begum! Kamar ba ki san wa kike aure ba."

Ta sani, shi ya sa ta faɗa.

Ƙurar motar da ta ɗauke ta ba ta kwanta ba Raja ya fara gwaji. Ya yi 'yan zagaye kaɗan a titin barikin soja, allurar mai ta faɗi ƙasa warwas, don Ba'amurkiya ba ta san ana tsadar fetur ba. Ya tsaya a gefen hanya yana huci, sai ya ga 'yan tasi na wucewa suna ta aikinsu hankali kwance, kowa da tukunyar gas a but a madadin fetur. Nan take basira ta sauko masa. Ya juya kan mota sai Pirwadai, unguwar garejin manyan motoci.

Mai haɗa gas ya zaga motar ya sosa ƙeya.

"Tukunya ɗaya za ta shiga but, Raja Sahab."

"Ɗaya? Tasi ka ga na kawo maka? Biyu za ka sa, manya."

"Ba wuri. Sai dai a cire kujerar baya da tankin fetur."

"Cire su! Nauyin banza ne."

"In gas ya ƙare a hanya fa? Ai shi ya sa ake barin tanki, mutum ya danna maɓalli ya koma fetur."

"Tukunya biyu ta ƙare? Kai gas kake sayarwa ko tsoro?"

"Motarka ce," in ji mai gas, ya ɗauko sufana.

Kafin la'asar kujerar fatar nan da mahaifin Begum bai taɓa yarda kowa ya zauna a kai da jiƙaƙƙen wando ba ta zama benci a ƙofar gareji, direbobi na zaune a kai suna cin wake da gurasa. Tanki kuwa aka jefa shi kan tarin ƙarafa.

Gudu ya samu ke nan, a ganin Raja. Saura kyau. Kuma kamar an shirya, a jikin garejin ne Ustad Sher Zaman ke da rumfarsa, mai zanen gingimari da sunansa ya kai har Peshawar. Gaskiya aikin Ustad ba shi da makusa, in a jikin babbar mota ne. Raja ya tsaya ya ƙura wa wata gingimari ido, ta sha dawisu da furanni da sarƙoƙi, ya juyo ya dubi jar motar da jan nata ya ɗan kwanta saboda shekaru, sai ya ji kunya ta kama shi.

"Ustad, irin wannan nake so."

"A ƙaramar mota? Ban taɓa yi ba."

"Yau ka fara. Alƙalin daga Karachi zai zo, so nake in ya gani ya manta sunan uwarsa."

"Sai an kankare wannan jan tukuna."

"Kankare! Tun zamanin kakanni yake jiki, ai ya ci a ce ya huta."

Aka sa samfefa. Fentin da ya tsallake teku, ya sha ranar Pindi da damunarta shekara da shekaru bai ɓanɓare ba, a wuni guda ya koma jar ƙura a ƙasan rumfa, aka share da tsintsiya.

Daga nan Ustad ya saki hannu. Kowace ƙofa ta samu dawisu mai baza jela. Murfin inji ya samu shaho riƙe da fure. Fitilun gaba aka zana musu gira aka sa musu kwalli. Aka rataya sarƙoƙi masu ƙananan ƙararrawa a ƙarƙashin bamba gaba da baya, aka ɗaura baƙaƙen tuntaye a madubai don maganin kambun baka, aka kafa wani kambin katako a kan rufi, aka sa ham irin na gingimari mai waƙa. A kan but kuma, inda direbobi kan sa hoton wani gwarzo, Raja ya ce a sa nasa.

"Ƙara wa gashin bakin tsawo, Ustad."

"Ya kai fitilar baya fa."

"To ya wuce ta mana!"

Ranar da ya shigo da ita Lalkurti, kafin a gan ta an ji ta: caccaka, ƙararrawa, da ham mai waƙa. Mata suka leƙo ta tagogi. Wata tsohuwa ta tare shi tana tambaya bikin ɗan gidan wa ake yi ba a gayyace ta ba. Liman ya fito daga masallaci, ya duba, ya koma ciki. Mai sayar da kayan miya ya ce, "Raja Sahab, nawa ne buhun albasa zuwa Lahor?" Shi kuwa Inayat sai ya fito ƙofar shago da aska yana wasa ta a jikin fata, sannu a hankali, yana murmushi.

Raja ya ɗauki duk wannan a matsayin hassada, hassada kuwa a wurinsa alamar nasara ce.

Ranar hawa ta faɗo a ranar da ake rufe gidajen gas na gari. Wannan kam ya sani, don tun jajibere ya bi layin 'yan tasi, ya sha rana da tsiya, ya cika tukwanensa fal. Da ya bar su haka da wataƙila sun kai shi. Amma wa zai ga motar in ya wuce kai tsaye? Da sassafe ya zaga Lalkurti yana taka totur a tsaye, ya shiga unguwar Sadar, ya bi ta ƙofar tsohon ofishinsu, ya bi ta gidan wani da suka yi faɗa tun suna makaranta, ya dawo ya sake bi don mutumin bai fito ba da farko.

A filin tashi tsofaffin motoci sun jeru suna sheƙi, masu su na shafa su da tsumma mai laushi. Mai gadi ya ɗaga wa Raja hannu.

"Motocin biki ta can baya."

"Bikin uban wa? Buɗe mini, ɗan gasa ne!"

Kazi na sunkuye yana goge fitilar Bajamushiyarsa ya ji caccaka, ya ɗago. Tsumma ya faɗi daga hannunsa. Ya zo ya tsaya gaban motar da ubansa ya koya masa tuƙi a cikinta, ga ta da kwalli a ido.

"Nagma ta gani?" ya tambaya.

"Za ta gani in ta dawo, da kofi biyu a kai."

"Tana can sama. Daga Jelum ta wuce Murri kai tsaye da matan ƙungiya, wai tana so ta ga motocin Abba sun iso tare."

"Madalla! Ta ga yadda ake riƙon amana."

"Innalillahi," in ji Kazi, ya koma motarsa.

Aka ɗaga tuta. A yi wa Ba'amurkiya adalci: duk da gas ya rage mata ƙarfi, duk da kaya da aka labta mata, a shimfiɗaɗɗen titin nan na wajen gari sai da ta nuna ita 'yar gidan ƙarfi ce. Ta yi gurnani, ta ɗaga hanci, ta wuce Bajamushiya kamar an tsayar da ita. Raja ya fito da kai ta taga, iska na kaɗa gashin baki.

"Kazi Sahab! In ka iso ka same ni na ci abincin rana!"

Wannan ɗan lokacin shi ne iyakar rabonsa a wunin, don daga nan dutse ya fara.

Kwanar farko ya shige ta yadda ya saba shiga zance, ba birki. Tukwanen ƙarfe biyu a baya suka ja gindin motar waje, ta yi wani juyi, sarƙoƙin baya suka share rumfar wani mai sayar da lema a gefen hanya. Raja ya wuce da lemomi rataye a bamba, ja da kore da ruwan ɗorawa, suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, mai rumfa na binsa da gudu yana ambaton kakanninsa.

A kwana ta gaba kambin katako ya sarƙe da reshen bishiya, ya tsage gida biyu, rabi ya rage a sama, rabi ya silalo ya rufe masa gilashin gaba. Ya tsaya ya fito zai cire. Kafin ya juyo, biran hanyar Murri, waɗanda ba su san girman kowa ba, sun sauko sun yi dandazo a kan rufi. Ɗaya ya tsinke tuntu ya gudu da shi. Ɗaya ya zauna a kan shaho yana ɓanɓarar madubi. Wani ƙato ya shiga ta taga ya danna ham, waƙa ta tashi, sauran suka ɗauki ihu.

Yana cikin kai musu duka da lema sai ya ji wani ɗan sauti a bayansa, siriri, mai daɗi, kamar keken ɗinki da ya sha mai. Bajamushiya ce. Ta shigo kwanar ta manne da ƙasa, ta fita ba ko girgiza. Kazi ya rage gudu.

"Lafiya, Raja Sahab? In tsaya?"

"Wuce! Da gangan na ba ka rata, kada a ce na zalunce ka!"

Kazi ya wuce. Sauran motoci suka wuce, har da wata ta zamanin Turawa da ake tayarwa da hannu, mai ita na ɗaga masa hula.

Ya koma ciki ya taka. Amma yanzu hawa ya yi hawa, iska ta yi sanyi, Ba'amurkiya ta fara nishi. Gurnanin nan na ɗazu ya koma tari. Wata mata da akuya ta tsayar da shi tana tambaya ko akwai wuri zuwa ƙauyen gaba. Wani mai madara a kan babur, da garewani rataye hagu da dama, ya iso shi ya jera da shi.

"Sannu direba! Me ka ɗauko haka take kuka?"

"Gasa nake yi, kauce!"

"Da wa?"

"Da Bajamushiya!"

"Ruwan tokar nan? Ai na gan ta tun ina ɗure madara. To Allah ya ba da sa'a, ni sauri nake."

Ya murɗa babur ya bar shi.

A tsakiyar wani dogon hawa motar ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta yi shiru. Raja ya dubi allurar gas, ta kwanta. Bai damu ba. Ya yi murmushi irin na wanda ya san kan mota, ya miƙa yatsa ya danna maɓallin komawa fetur, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake dannawa. Sai a lokacin tankin nan ya faɗo masa a rai, yana kwance kan tarin ƙarafa a Pirwadai. Hannunsa ya kai kan gashin baki da kansa, ya riƙe.

Mota ta fara silalowa baya. Ya ja birkin hannu, ya fito a guje ya tokare taya da dutse, ya tsaya a tsakiyar titi yana ɗaga wa duk mai wucewa hannu. Ba wanda ya tsaya sai wata gingimari mai lodin kaji. Direban ya diro, bai ko dubi Raja ba, ya nufi ƙofar motar ya shafa dawisu.

"Wallahi hannun Ustad Sher Zaman ne! Dubi tawa, dawisunsu ɗaya! Ashe 'yar uwa ce. Ba zan bar ta a hanya ba, kawo igiya!"

Haka aka ɗaure Ba'amurkiya mai silinda takwas a gindin motar kaji. Duk tsawon sauran hanyar iska na kwaso gashin kaji da abin da ya fi gashi wari tana watsa wa Raja ta taga. Ya so ya ɗaga gilashi, ya tarar birai sun tafi da hannun murɗawa. Gashin baki kuwa ya sha mai tun safe, duk abin da ya taɓa shi sai ya manne.

A filin Murri an gama cin abinci, an sha shayi, Kazi ya karɓi kofin isowa ya ajiye a kujera. Sai aka ji ham ɗin gingimari. Jama'a suka juya suka ga babbar mota mai dawisu na shigowa, a bayanta ga ƙarama mai dawisu iri ɗaya a ɗaure da igiya.

Wani ya ɗaga murya: "Jama'a, gingimari ta haihu!"

Filin ya kece. Masu hoto suka ruga. Raja ya fito yana tofar da gashin kaji, ya gyara riga, ya ɗaga hannu kamar shi ake wa tafi.

Alƙali wani tsoho ne ɗan Karachi, Mista Pestonji, siriri, da farar safar hannu da tabarau a kan hanci. Tun safe yake leƙa hanya.

"Wai ina jar motar marigayi mahaifin Kazi?" ya tambaya. "Dominta na yi wannan doguwar tafiya."

Aka nuna masa ita da yatsu.

Tsoho ya matso. Ya zaga ta a hankali. Ya leƙa inda kujerar baya take a da. Ya sa aka buɗe but, hoton Raja ya ɗaga sama, tukwanen gas suka bayyana. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, abin bai canza ba.

"Ka lura da jelar dawisun, Alƙali Sahab," in ji Raja. "Kala bakwai. Ita waccan ta Kazi fa? Toka, kamar tukunyar da aka manta a murhu."

"Ina fentinta?"

"Tsohon? Na sa an kankare. Ai ba na zo gaban manya da tsumma ba."

Mista Pestonji ya nemi kujera ya zauna.

"Bawan Allah," ya ce, "irin wannan motar da fentin kamfani a jikinta, da kujerunta, da tankinta, ni a rayuwata ban san wata ba a ƙasar nan. Bajamushiyar can kyakkyawa ce, amma na ga irinta. Tun daga Karachi kofin nan na wannan ne a raina. Da turo ta ka yi da hannu, da ƙurarta da komai, da ka ci."

Ya miƙa wa Kazi kofi na biyu ba tare da ya dube shi ba.

Kafin a gama tafi Inayat ya dasa kujera a tsakiyar fili. Ashe tun asuba ya hau bas ya zo, da askarsa da kwanon kumfa, har da sabon tawul. Shaidun rumfar shayi suka kewaye Raja.

"Ku tsaya! Gas ɗin ne ba shi da kyau, sun haɗa shi da iska! Kuma birai, wa ya turo birai? A bincika!"

"Zauna, Raja Sahab."

"Ai ban ce bana ba! Na ce Murri, ban faɗi shekara ba!"

Aka zaunar da shi. Inayat ya ɗaura masa tawul, yana washe baki don daɗi. Raja ya runtse ido, gashin kaza ɗaya na lilo a bakin gashin nasa. Abin ya ba Kazi tausayi, don shi mutum ne da ba ya iya ganin ana yanka kaza.

"Bar shi, Inayat," ya ce. "Mijin ƙanwata ne. Na yafe."

Jama'a suka yi gunaguni. Inayat ya tsaya da buroshi a sama kamar zai fashe da kuka. Shi kuwa Raja, da a ce yana da hankali ko na sisin kwabo, da ya tashi ya sulale. Sai ya buɗe ido, ya fizge tawul, ya miƙe ya murza gashin baki.

"Kun gani? Shi kansa ya san gaskiya! Ya san da fetur nake da ko hayaƙina ba zai gani ba! Baɗi in na ƙara mata tukunya ta uku..."

"Zauna."

Begum Nagma ce. Tun isowar motar tana tsaye a jikinta, tafin hannunta a kan ƙofa, daidai inda ubanta kan dafa in zai shiga. Idonta ya yi ja amma ba hawaye. Ta tako ta tsaya gaban kujera.

"Yaya ya yafe nasa. Motar ta wa ce?"

"Begum, ai ni da ke..."

"Ta wa ce?"

"Taki ce," ya ce a hankali, karo na farko a rayuwarsa.

"To ni ban yafe ba. Inayat, gefe ɗaya za ka aske."

"Gefe ɗaya, Begum Sahiba?"

"Ɗaya. Kuma duk Juma'a ka zo gida ka gyara wannan gefen. Ɗayan kada ka taɓa shi, a ci gaba da sa masa mai."

Raja ya zube a kujera.

"Begum! A gaban mutane?"

"A gaban mutane ka rantse. In kuma ba ka so, gidan da kake kwana ma na Abba ne."

"To a aske duka! Don girman Allah a aske duka!"

"Duka sai ranar da motar Abba ta koma yadda take."

Mista Pestonji ya yi gyaran murya daga inda yake zaune.

"Ki yi haƙuri, Begum Sahiba, ba za ta taɓa komawa ba. Fentin kamfani sau ɗaya ake yinsa."

"Na sani," in ji ta.

Inayat ya mayar da tawul, ya dama kumfa har ta tashi, ya sunkuyo da ladabi.

"Raja Sahab, kai ne mai abu. Hagu ko dama?"